Sunan Surukina a Sararin Ingila

Tun da na dawo ban sha ruwa da sanyin rai ba a Kazaure. In na je masallaci a tare ni, in na je gidan suna a tare ni, har wanzami, aska a wuyana, wai in ba shi labarin Ingila. Tambayoyin kuwa ba su wuce uku: wai da gaske ne ba sa wanka, wai da gaske ne na auro Baturiya na ɓoye ta a Kano, wai kuma wane irin aiki ne aka tura ni koyo, tunda ba tuƙa jirgi nake yi ba, ba kuma gyara shi nake yi ba. Na gaji. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda kuma ya sake tare ni a hanya, kada ya ga laifina.

Ni dai Jibo ne, mutumin Roni. Da na gama makaranta na sami aikin rediyo a filin jirgin sama na Kano, ina karɓar saƙo ina miƙawa. Bayan an sami mulkin kai, Turawan da ke zama a hasumiya suna yi wa jirage jagora suka fara ɗaure kayansu, sai aka ce a nemo 'yan ƙasa a koya musu. Aka zaɓi mu biyu, ni da wani ɗan Ilori, Lasisi, wanda Hausar bakinsa ta fi ta wasunku. Wata tara aka ɗiba mana. Wanda ya ci jarrabawa ya hau hasumiya, wanda ya faɗi ya dawo kujerarsa ta da, kowa na kallonsa.

Kafin in tashi sai da na hau keke na je rugar surukina a bayan Gwiwa yin sallama. Dole in tsaya a kan mutumin nan, don duk abin da ya same ni a can shi ne sila, alhali ko Kano bai cika zuwa ba. Dattijo ne mai shanu, mai taurin kai, in ya ce gabas ko hakimi bai isa ya juya shi yamma ba. Baffa nake ce masa. Shekara huɗu ina auren 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunansa kuwa ko a mafarki. Kun san mu, ko wani ne daban yake da sunan, sai dai ka ce mai sunan Baffa. To, sunan da aka raɗa masa, Allah ya yafe mini, Alfa, sunan wani kakansu malami da ya zo daga yamma.

Na durƙusa daga nesa na gaya masa tafiyar. Yana kallon shanunsa ya ce, "Malam, an ce mutanen can ba su san babba ba. Ka je ka ɗebo iliminsu, ka bar musu halinsu. Kada ka dawo mana da tsayayyen ido."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baffa." Da zuciya ɗaya na faɗa.

Daga Kazaure babbar mota na shiga, sanye da kwat ɗin da wani tela ya ɗinka mini daga hoton jarida. Ashe mutumin da ke hoton ya sa hannu ɗaya a aljihu, sai telan ya yi hannun dama ya fi na hagu gajarta. Haka na zauna a kan buhun gyaɗa, rana na dukana, zufa na bin bayana, tsakanin wata tsohuwa mai kaji da wani falke ɗan Babura. Da falken ya ji inda za ni, sai ya ce in taimaka in tambayo masa nawa ake sayar da jaki a can. Tsohuwar kuwa har muka isa Kano tana yi mini addu'ar Allah ya sa in dawo da addinina, kazarta kuma ta yi mini abin da ta ga dama a kan sabon takalmi.

Jirgi kam na saba ganinsa kullum, amma ban taɓa shiga ba. Da ya ɗaga, hanjina ya tsaya a Kano, ni na yi gaba. Muka tsallake hamada, muka ɗan yada zango a Tarabulus aka sha mai, muka haye teku. Da safe aka ce mun iso, kowa ya ɗaura ɗamara. Na ɗaura. Na leƙa taga, ban ga komai ba sai fari fat, ko bakin fiffike ba a gani. Jirgi ya karkata hagu, ya miƙe, ya sake karkata hagu, ya miƙe. Da aka yi haka sau biyar na dafa Lasisi na ce, "Direban nan ya ɓata."

Ya ce, "Haba Jibo, rufe bakinka kada a ji."

Na ce, "Wallahi ya ɓata. Ni na yi kiwo, na san tafiyar wanda ya ɓata."

Wani Bature a gefenmu ya sauke jaridarsa ya ce mu kwantar da hankali, layi muke bi, akwai jirage a ƙarƙashinmu, akwai wasu a samanmu, kowa na jiran a kira shi. Na ce yana ganinsu? Ya ce a'a. Na ce direba fa? Ya ce shi ma ba ya gani, wani mutum ne a ƙasa yake riƙe da su duka a kansa. Ya koma kan jaridarsa. Ni kuwa a nan na fara gane wane ne mutumin nan na ƙasa da ake son in zama.

Da muka sauka, ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina ya fito da ƙulle-ƙullen kayan miya da mai ɗakina ta yi mini. Na kuka ya shinshina ya ajiye. Na daddawa ya shinshina ya ja da baya. Na yaji kuwa, irin dakan Roni, ya tambaye ni mene ne. Na ce na abinci ne, amma a yi a hankali. Mutumin nan ya dangwala yatsa ya lasa kamar mai ɗanɗana gishiri. Can sai fuskarsa ta yi ja, hawaye ya zubo, ya buɗe baki yana fifita shi da fasfona. Abokan aikinsa suna ta dariya, shi kuwa da hannu ya yi mini alamar in kwashe kayana in ɓace masa da gani.

An sauke mu gidan wata tsohuwa da mijinta ya mutu, ita da karenta. Sunanta Magi, amma ni Gwaggo na sa mata, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'ar uwata gatsal ba. Mutuniyar kirki ce, Allah ya sani, sai dai girkinta. Dankali a tafasa, kabeji a tafasa, nama a tafasa har ya manta dabbar da ya fito, ba mai, ba yaji, sai ka ce abincin mai jinya. Da na yi sati biyu na ga wuyana ya fara tsawo, na roƙe ta aron tukunya na kaɗa miyar kuka. Ina jefa daddawa Gwaggo ta sauko da gudu tana buɗe tagogi cikin sanyin nan, wai ɓera ya mutu a bayan murhu. Har ta ɗauko tsintsiya. Karen ne kaɗai ya san abin arziki, ya zauna a gabana yana kaɗa jela. Zancen wanka kuma, tunda kun dame ni: suna yi, amma a kwance cikin ruwan da suka wanke dattinsu. Ni da bokiti na yi nawa har na dawo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ranar Lahadi ya faru. Mijin 'yar Gwaggo ya zo gaishe ta. Ni na zaci zai tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi. Ina! Gardin nan ya banko ƙofa ya ce, "Magi, yaya dai?" Ya sumbace ta a kumatu, ya zauna a kujerar marigayi mijinta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya miƙa hannu cikin farantinta ya ɗauki biskit. Ni da ba surukata ba ce sai da kunya ta kore ni ɗaki. Na ce a raina, Baffa ya yi gaskiya, wannan hali ko a kyauta ba na so.

Makarantar kuwa malaminmu wani tsohon direban jirgin yaƙi ne, in ya fusata kunnuwansa ne ke fara yin ja, sai muka sa masa Jan Kunne. Shi ya warware mana abin da na gani ta taga. In gajimare ya sauko har ƙasa, direba makaho ne, agogunan gabansa da muryarka su ne idonsa. Akwai wata na'ura a ƙasa mai aika sauti sama, jiragen da ke jiran sauka a kanta suke kewayawa kamar dabba a turke, mu ma turke muke ce mata ni da Lasisi. Kowane jirgi da hawansa, tsakanin wannan da wancan ƙafa dubu. Na ƙasa ne ke fara tafiya ya sauka. Ba za ka ce wa na samansa ya gangaro ba sai na ƙasan ya faɗa da bakinsa cewa ya bar wurin. Kuma duk umarnin da ka bayar sai direba ya maimaita maka shi, kai kuma ka saurara da kunne biyu. Jan Kunne ya ce, "Jirgi biyu a hawa ɗaya cikin gajimare, sai dai a tara mutane a kwando."

Ranar gwajin farko ya shiga ɗaki na kusa yana kwaikwayon direba, ni kuma ga makirfo a gabana. Ya kira. Na ce masa barka da asuba, yallaɓai, an zo lafiya, yaya hanya, yaya aka baro iyali. Sai ga shi ya faɗo ɗakin kunnuwa jawur. "Kafin ka gama tambayar iyalinsa ya ci mil uku! Sunansa, umarni, shiru!" Na ce to. Ya ce kuma kada ya sake jin to ɗin nan, don ya lura in na ce to, ba a san ko na yarda ba ne ko na ji ne kawai. A nan kam ya gano mu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Masifar tana cikin baƙaƙe. Kowane jirgi da baƙaƙe ake kiransa, kuma don kada a ji wani a zaci wani, kowane baƙi an ba shi kalma. Jan Kunne ya rubuta su a allo ya ce mu bi shi da baki. Akwai Kilo, akwai Papa, akwai Hotel, har da Wiski, wanda kullum in na faɗa sai na yi istigfari a ciki. Amma na farkonsu, na can sama, wanda ya nuna da sanda ya ce kowa ya ɗaga murya, sunan Baffa ne. Ɗalibai ashirin, har da 'yan ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, suka haɗa baki suka rangaɗa wa surukina kira. Ni na yi tari.

Lasisi ya gane, don ya san gidanmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Jibo, tsohon nan yana Gwiwa. Ko da lasifika ba zai ji ka ba."

Na ce, "Ni ai zan ji."

Sai na samo dabara. In an zo wurin, na haɗiye farkon sunan in saki ƙarshensa da sauri: fa. Fa Kilo, fa Hotel. Jan Kunne ya ɗauka harshena ne, ya gyara mini sau biyu ya gaji ya bari. Na ci jarrabawar takarda, na ci ta ɗaki, ina ta yi wa kaina kirari, wai na ɗebo iliminsu na bar musu halinsu. Lasisi ya ce wata rana dabarar nan za ta ci ni, na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Wata biyun ƙarshe aka kai mu wani ƙaramin fili a bakin teku, mu yi aiki da jirage na gaske, malami na zaune a gefe da nasa makirfo. Filin ba shi da madubin nan mai nuna jirage, sai kunne da baki da 'yan takardu, kowane jirgi da tasa, ka jera su a allo yadda suke jere a sama. Ranar da abin ya faru wajen la'asar ne, gajimare ya kwanta a kan fili, ko motar kashe gobara da ke gindin hasumiya ba ma gani. An rufe wani fili na kusa, jiragensu suka juyo wurinmu. Kafin in ankara ina da biyar a kan turke, daga ƙafa dubu uku har dubu bakwai, kowa na ƙorafin mai. Jan Kunne na gefena da kofin shayi. Ya ce in na sauko da waɗannan lafiya, zai sa mini hannu a takardar kammalawa.

Na ƙasa ya tafi, ya ce ya bar dubu uku. Saura in gangaro da na dubu huɗu. Na dubi takardarsa, mai sunan Baffa ne, Kilo a ƙarshe. Na samansa a dubu biyar kuma Papa Kilo. Ban kawo komai a raina ba, na danna makirfo na yi yadda na saba.

"Fa Kilo, sauka dubu uku."

Murya ta dawo tangaran: "Papa Kilo, na bar dubu biyar, ina sauka dubu uku."

Har na kai hannu zan matsar da takarda. Sai dubu biyar ɗin nan ta dake ni a ƙirji. Ba wanda na kira ne ya amsa ba. Bature ya ji fa, ya ɗauka pa ce, kun san bakinmu da waɗannan biyun. Na sama ya taho, zai ratsa ta dubu huɗu, inda ɗan'uwansa ke kewayawa bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ba mai ganin wani.

Na ce, "Papa Kilo, ba da kai nake ba! Koma dubu biyar!" Rediyo ya yi ƙara, wani daga sama ya danno nasa a lokaci guda yana tambayar yaushe za a zo kansa, maganata ta nutse. Na sake kira. Shiru. Na ga hannun Jan Kunne ya kai kan makirfonsa, shayi ya kife masa a cinya bai ko duba ba. Abu ɗaya ya rage, a janye na ƙasan daga hanya, shi kuwa ba zai motsa ba sai ya ji sunansa cikakke. Wallahi sai da na ga Baffa zaune a kan buzunsa. Na rufe ido na kwarara ihu, irin wanda ake yi wa sa in ya nufi gonar mutane.

"Alfa Kilo! Alfa Kilo! Sauka dubu uku yanzu-yanzu!"

"Alfa Kilo, na bar dubu huɗu, ina sauka dubu uku yanzu."

Na koma kan ɗayan. A kira na uku ya ji, ya ce yana dubu huɗu da ɗari uku, yana komawa sama. Hannun Jan Kunne dai na kan makirfo. Na ci gaba, don ba a tashi a bar jirage a rataye. Ɗaya bayan ɗaya na sauko da su, kowanne na kira shi da sunansa tun daga farko har ƙarshe, ina jin ƙarar tayarsu a kan kwalta ba na ganinsu. Da na biyar ya taɓa ƙasa na cire abin kunne, na sauka bene, na shiga bayan gida na yi amai, sannan na yi kuka. Ba na ɓoyewa. Mutanen da ke cikin jiragen nan sun wuce ta gabana da jakunkunansu, wata mata na jan 'yarta tana yi mata faɗa a kan safa, ba wanda ya san abin da na kusa yi musu.

Washegari aka kira ni ofis. Na riga na haɗa akwatina, har na fara tunanin ta wace ƙofa zan shiga Roni ba a gan ni ba. Jan Kunne ya ce, "Jiya ka faɗi kalmar nan sarai, har sau biyu. Ashe ka iya. Wata bakwai me ya hana ka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Yallaɓai, sunan surukina ne."

"To, sai me? Kuna faɗa ne?"

Na ce a'a, girmamawa ce, a wurinmu ba a kiran sunan suruki, ba a cin abinci a gabansa, in ka hango shi a hanya ma sai ka sake hanya. Ya dube ni ya ce, "Kana nufin in ka hango surukarka ka gudu, kuma a yaba maka?" Na ce ƙwarai. Ya jingina da kujera ya ce shi shekara ashirin yana neman ƙasa irin wannan.

Amma bai yi dariya da yawa ba. Ya ce laifina babba ne, kuma shi ma da nasa, tunda ya ji ina cin rabin kalma ya ƙyale. Abin da ya cece ni, in ji shi, na saurari maimaicin direba na kama kuskuren da kaina. Ya ƙara mini wata guda. Kuma kowace safiya kafin aiki sai in je ƙarshen fili in tsaya, shi yana saman hasumiya ya buɗe taga, in yi ta kiran sunan har sai ya ɗaga mini hannu. Akwai tumaki a gonar da ke bayan waya. Kwana uku suna amsa mini, a na huɗu suka daina kula ni. Lasisi, ɗan banza, ya ce ko a Ilori ba a taɓa yi wa malami kira irin wannan ba. Da watan ya cika Jan Kunne ya sa mini hannu, Gwaggo ta yi mini kek na sallama, shi ma kamar a tafasa aka yi shi.

Na dawo da takardata, na hau hasumiyar Kano, aka yi ta zuwa barka. Amma abin na cina. Kullum sai na kira sunan nan sau hamsin, da ƙarfi, ina ba shi umarni, in dawo gida in dubi 'yarsa. Ita da na gaya mata, rufe baki ta yi da mayafi ta ce ba ruwanta. Na ga gara Baffa ya ji daga bakina da ya ji a kasuwar Roni, don na san halinku. Ran hutu na ɗauki keke na nufi Gwiwa.

Na same shi a inuwa yana tufka igiya, Inna surukata na bayan zana tana burga nono. Na durƙusa inda na saba. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, ƙarar kaina na kawo."

"Me ka yi, Malam? Ka sha abin nasu ne?"

Na ce a'a. Na kwashe labari tun daga allo har zuwa ranar gajimare na gaya masa, ina kewaye sunan kamar mai kewaye rijiya. Na ce na kira, kuma ina kan kira, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da haka. In ya ce in bari, in bari.

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Bayan zana ma burgar ta tsaya. Ya ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

"Sun fi mutanen rugar nan da ta gaba, Baffa."

"Da mata da yara?"

"Da su."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "Shi wannan da kake kira, in ka kira shi yana amsawa?"

"Nan take."

"In ka ce ya sauka?"

"Sai ya sauka."

"In ka ce ya tsaya inda yake, kada ya motsa?"

"Sai ya tsaya, Baffa. Har ya maimaita mini abin da na ce."

Ya juya wajen zana ya ɗaga murya. "Ke, kin ji? Tun da kike, wa ya taɓa ce mini tsaya na tsaya?"

Inna ta ce, "Ko Baturen allurar shanu bai iya ba."

Baffa ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ya ce, "To, ba ni ba ne. Je ka yi ta kiransa. Amma ka buɗe baki da kyau, Malam, kada ka ƙara cinye masa rabin suna. Ko wane ne, shi ma ɗan mutane ne."